Mun Shirya, Yaya Za Mu Tsayar Da Maganar Rabuwa A Kotu? Tambayoyi Da Amsoshi

Tambayar nan tana yawan zuwa, kuma kusan kullum da sigar gaggawa take zuwa: "mun sasanta ni da maigidana amma kes ɗinmu yana kotu, yanzu ya za a yi?" ko kuma "na sake ta cikin fushi, yau kwana ashirin, zan iya mai da ita?" Shi yasa na ga gara in tattara amsoshin waje ɗaya. Abu ɗaya dai nake so kowa ya riƙe tun daga nan, sulhun da kuka yi a ɗaki ko a gaban iyaye ba ya rufe fayil ɗin da ke gaban alƙali, sai kun je da ƙafarku ko ta hannun lauya kun rufe shi. Sannan dokar aure ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, haka auren da aka ɗaura a Musulunce hukuncinsa daban da wanda aka yi a rajista, don haka duk inda na ba da amsa zan faɗi wanne nake nufi.

Wai da gaske ana iya tsayar da shari'ar rabuwa bayan an riga an shigar?

Ƙwarai kuwa. Muddin alƙali bai yanke hukuncin ƙarshe ba aure yana nan daram, kuma wanda ya shigar da ƙara yana da damar janyewa. Ba alfarma ake roƙo ba, mafi yawan dokokin aure ma da kansu suke buɗe ƙofar. A Najeriya dokar shari'o'in aure ta 1970, wadda ta shafi auren rajista, sashe na 11 ya ɗora wa alƙali nauyin duba ko akwai yiwuwar sulhu, in ya hango alamar haka yana iya ɗage zama ya ba ku lokaci, ko ya naɗa wani ya shiga tsakani. A Musulunci kuwa aya ta 35 a Suratun Nisa'i cewa ta yi a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta. Babu alƙalin kirki da zai ji haushi don kun zo kun ce kun shirya.

To in mun daina zuwa kotun kawai fa, ai shikenan ko?

A'a, dan Allah kar ku yi haka. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa kuma shi ya fi cin mutane. Mutum yana ganin tunda sun koma ɗaki ɗaya ai maganar ta mutu, alhali fayil yana nan yana tafiya, ranar zama tana zuwa tana wucewa. Wani lokacin a yi sa'a kotu ta gaji ta kori ƙarar saboda rashin bibiya, wani lokacin kuma ba haka ake yi ba, musamman in ɗayan ya shigar da tasa ƙarar a kan taka, sai a ci gaba da sauraro a bayan idonka a yanke hukunci ba ka nan.

Inda ya fi haɗari shi ne in an riga an bayar da hukuncin wucin gadi. A auren rajista ba a raba aure tashi ɗaya, ana fara ba da hukuncin farko, a jira wani lokaci, sannan ya zama na ƙarshe. A Najeriya jiran wata 3 ne a bisa al'adar dokar, kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne da kansa yake rikiɗewa ya zama na ƙarshe in lokacin ya cika, ba sai wani ya koma ya nema ba. Wato kuna iya kasancewa a gida ɗaya kuna zaman lafiya kun manta da kotu, ranar ta zo ta wuce, a idon doka ku ba mata da miji ba ne. Ba za ku gane ba sai ranar da maganar gado ta taso, ko fansho, ko biza, lokacin da gyaran ya yi wuya ko ya gagara gaba ɗaya. A Ingila tsarin ya ɗan bambanta, tun 6 ga Afrilun 2022 ana jiran mako 20 kafin a nemi hukuncin wucin gadi, sai kuma mako 6 da kwana 1 kafin a nemi na ƙarshe, kuma sai an nema ake bayarwa. Amma ko can ɗin ma barin fayil a buɗe ba dabara ba ce, domin in wanda ya shigar bai nema ba, ɗayan yana iya nema bayan ƙarin wata 3.

Mene ne matakan janyewar a aikace?

Ya danganta da inda shari'ar ta kai. In ka shigar amma ba a kai wa ɗayan sammaci ba tukuna, wannan shi ne mafi sauƙi, takardar janye ƙara kawai za ka shigar a rajistan kotun. In an kai sammaci har ya mayar da amsa, to a mafi yawan wurare sai da sa hannunsa ko izinin alƙali, misali a jihohin Amurka da dama da zarar wanda ake ƙara ya shigar da amsarsa sai ku biyun kun sa hannu a takardar neman korar ƙarar. In kuma an riga an ba da hukuncin wucin gadi, janyewa kaɗai ba ta isa ba, sai an nemi kotu ta soke shi, kuma a dokar Najeriya ta 1970 sashe na 60 ya ba kotu ikon soke shi in ta gamsu cewa kun sasanta, da sharaɗin bai kai ga zama na ƙarshe ba.

A kotun shari'ar Musulunci abin bai kai haka tsawo ba, galibi mai ƙara ce za ta tsaya gaban alƙali ta ce ta janye, a rubuta a littafin kotu. Ko wace kotu ce dai, kar ku bar harabar sai kun san yadda za ku karɓi kwafin umarnin da ya nuna an rufe kes ɗin, mai ɗauke da hatimi. Ku ajiye shi tare da takardar aurenku.

Ni nake son a tsaya, ita ba ta so. Zan iya hanawa?

Gaskiya a'a, kuma ina roƙonka ka karɓi wannan amsar da zuciya ɗaya. Ƙarar da ba kai ka shigar ba ba ka da ikon janye ta. Abin da za ka iya shi ne ka roƙi alƙali ya ɗage zama don a gwada sulhu, shi ma yana da iyaka, a dokar Najeriyar nan in kwana 14 suka wuce da ɗagewar kowane ɗayanku yana iya cewa a dawo a ci gaba.

Akwai hadisin da nake so duk mai shiga tsakanin ma'aurata ya riƙa tunawa. Barira da mijinta Mugis, bayan an 'yanta ta ta zaɓi rabuwa da shi, yana bin ta a lungunan Madina hawaye na zuba a gemunsa. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi mata magana ko za ta koma masa, sai ta tambaya shin umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙatarsa, kuma aka ƙyale ta. To in wanda ya fi kowa daraja bai tilasta ba, babu kawu ko yaya ko malamin da ya isa ya tilasta. Sulhun da aka matsa wa mace da kuka da barazanar tsinuwa har ta janye ƙara ba sulhu ba ne, ɗage rikici ne zuwa wani watan, kuma sau da yawa dawowarsa ta fi tafiyarsa muni.

Na yi saki ɗaya, tana cikin idda. Sai na je kotu kafin in mai da ita?

A hukuncin fiƙihu ba sai ka je ba. Saki ɗaya ko na biyu, in an riga an tare kuma ba da fansa aka yi shi ba, saki ne na kome, kana da damar mai da ita muddin idda ba ta ƙare ba, ba sabon sadaki ba sabon ɗaurin aure, aya ta 228 a Suratul Baƙara ke nan. Iddar mai jini tsarki uku ce a mazhabar Malikiyya, mai ciki sai ta haihu ko da kwana biyu ne bayan sakin, wadda ba ta jini kuma wata 3. A Malikiyya kome yana tabbata da furuci, ko da aiki irin na ma'aurata amma tare da niyyar komen, Shafi'iyya suka ce sai da furuci, Hanafiyya kuma suka ce aikin kaɗai ma ya wadatar. Don ka fita daga saɓani, ka buɗe baki ka faɗa a fili "na mai da matata", ka sa shaidu biyu kamar yadda aya ta 2 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, ka sanar da ita da waliyyinta. In ka ba da takardar saki a rubuce to komen ma ka rubuta, da kwanan wata, saboda wallahi an sha ganin rigima inda miji yake cewa ya mai da ita tun kafin idda ta cika ita kuma tana cewa ba ta taɓa ji ba, ga shi har ta fara sauraron wani.

Wasu ƙasashen sun mai da rubutun doka. A Maleshiya ana kai rahoton kome wajen magatakardan aure, a Moroko dokar iyali ta 2004 ta ce sai an yi shi gaban adilai biyu, alƙali ya kira matar ya sanar da ita, in ta ƙi tana da hanyar neman rabuwa.

Sai kuma abin da ake tsallakewa, ita ayar da ta ba ka damar komen ta haɗa da cewa in gyara ake nufi, kuma aya ta 231 ta hana a riƙe mace don a cutar da ita. Wanda yake jira sai saura kwana biyu idda ta cika ya ce ya mai da ita don kawai kar ta auri wani, ya san abin da yake yi kuma Allah ya sani.

In na mai da ita, sakin ya goge ke nan?

Bai goge ba. Igiya uku ce, ka tsinka ɗaya saura biyu, kome ba ya ɗaura wadda ta tsinke.

Ita ce ta kai ni kotu neman khul'i, yanzu mun shirya. Ya matsayin auren?

Nan sai an nutsu, domin tambayar farko ita ce me ya faru a zaman ƙarshe. In har yanzu sauraro ake yi, ba ka furta saki ba, ba ka karɓi fansa a kan rabuwa ba, alƙali bai yanke ba, to matarka ce, ta janye ƙararta ku tafi gida. Shigar da ƙara ba saki ba ne.

Amma in khul'in ya riga ya tabbata, to ya zama saki yankakke, babu kome a cikinsa ko da tana idda. Hanyar dawowa ita ce sabon ɗaurin aure, da yardarta, da waliyyi da shaidu da sabon sadaki, kuma kai tsohon mijin ba sai ka jira iddarta ta ƙare ba. A Malikiyya khul'i yana cin igiya ɗaya. Haka in alƙali ne ya raba saboda cutarwa, shi ma yankakke ne. Wanda alƙali ya raba saboda gazawar ciyarwa ne Malikiyya suka ce miji yana da kome in ya samu halin ciyarwa kafin idda ta fita. Kun ga ke nan kalmar da aka rubuta a takardar hukunci tana da nauyi sosai, ku karɓo ta ku kai wa malamin da ya san fiƙihu ya karanta, kar ku tsaya a kan "ai ni abin da na ji alƙali ya ce".

Kuma maza ku kula da bakinku a kotu. Wani za a tambaye shi cikin zafin rai ya ce "ai na sake ta ma", yana ganin maganar fushi ce, alhali ya furta gaban alƙali da shaidu an rubuta. Janye ƙara daga baya ba ya janye wannan.

Idda ta ƙare, ko kotu ta ba da hukuncin ƙarshe. An gama ke nan?

Tsayar da shari'a kam ya wuce, babu abin da ya rage a tsayar. Amma aure sabo yana yiwuwa. A auren rajista sai ku sake yin rajista kamar kowa, a Musulunci in saki ɗaya ne ko biyu sai a sake ɗaurawa da sabon sadaki.

A nan ne dangi suke yawan tsayawa a hanya, kuma ina fahimtar zafinsu, mutum ya ga yadda aka koro 'yar uwarsa da kaya a hannu yanzu kuma a ce wai za ta koma. Irin wannan ta faru da sahabi Ma'aƙil bin Yasar, mijin ƙanwarsa ya sake ta ya bari har idda ta fita sannan ya dawo neman ta, Ma'aƙil ya rantse ba zai ba shi ba, ita kuma tana son komawa, sai aya ta 232 a Baƙara ta sauka tana hana waliyyai su tare su in sun yarda da juna bisa alheri, ya yi kaffarar rantsuwarsa ya aurar masa da ita. Waliyyi yana da damar ya tsaya ya bincika ya kafa sharuɗɗa, ya ma kamata ya yi, amma hanawa don huce haushi ba nasa ba ne.

Saki uku fa?

In igiya uku sun ƙare ba kome ba sabon aure, sai ta auri wani aure na gaskiya an tare, ya rabu da ita don kansa ko ya rasu, ta yi idda. Auren kisan wuta da ake shiryawa da gangan an la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa, a Malikiyya ma bai halatta ta ga na farkon. Maganar saki uku a kalma ɗaya kuwa akwai saɓani sananne, mazhabobi huɗu sun ƙirga shi uku, Ibn Taimiyya ya ce ɗaya ne, kuma Masar ta ɗauki wannan ra'ayin a dokarta tun 1929. Wannan ba abin da za a warware maka a waya ko a Facebook ba ne, kuma yawo daga malami zuwa malami kana sauya labari har ka samu amsar da kake so ba zai halatta maka komai ba. Ka je gaban alƙali ko malami ɗaya amintacce kai da ita, ka faɗi ainihin lafazin da ka yi.

Ba mu tabbata ba tukuna, muna so mu gwada. Dole sai mun janye gaba ɗaya?

Ba dole ba, kuma in za a bi ta tawa wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin mutane. Ku nemi a ɗage zama na wani lokaci maimakon a kori ƙarar. In zaman ya yi kyau sai ku dawo ku janye da kwanciyar hankali, in bai yi ba ba sai an koma farko an sake biyan kuɗin shigarwa da na lauya an sake jiran layi ba. Masu tsara doka sun san mutane suna tsoron gwadawa kar su yi asarar lokacin da suka riga suka ƙirga na zaman rabe, shi yasa suka bar sarari, a Kanada ma'aurata suna iya komawa tare har kwana 90 don gwada sulhu ba tare da ƙirgen shekara ɗaya na zaman rabe da doka take nema kafin a raba aure ya koma farko ba, a Ostireliya wata 3 ne. Sai dai wannan dabarar ta kafin hukuncin wucin gadi ce, in an riga an ba da shi a inda yake zama na ƙarshe da kansa, agogo yana tafiya ko kun gwada ko ba ku gwada ba.

Wasu kuma suna tsoron kar abin da suka faɗa a zaman sulhu, kamar amsa laifi ko neman gafara, a juya shi ya zama hujja a kansu. Dokar Najeriya ta 1970 ta hana a kawo maganar da aka yi a sulhun da kotu ta shirya a matsayin shaida. Wanda kuka yi ta saƙon waya tsakaninku wannan kariyar ba ta rufe shi ba.

Umarnin da kotu ta bayar na ciyarwa da riƙon yara fa, da kuɗin da muka kashe?

Umarnin wucin gadi da aka bayar a cikin ƙarar galibi yana faɗuwa tare da ita, amma bashin ciyarwar da ya riga ya taru ba lallai ya faɗi ba, ku tambaya a rubuta matsayinsa a fili. Kuɗin shigar da ƙara yawanci ba ya dawowa, na lauya kuma sai abin da yarjejeniyarku ta ce, in kun ba da kuɗin gaba ku nemi lissafi. Fansar khul'i in an riga an biya ta zama ta miji, in zai mayar kyautatawa ce daga gare shi.

Yana dukana, yanzu ya zo yana kuka yana rantsuwa ya canza. In janye?

'Yar uwa wannan tambayar ita ce ta fi taɓa min zuciya, kuma ba zan ce miki ki koma ko kar ki koma ba, rayuwarki ce. Amma kar ki janye a makon da ya zo da kuka. Ki nemi a ɗage zama, ki zauna inda kike da aminci, ki ga abin da zai yi a wata biyu ko uku da ba ki hannunsa, shin ya amsa abin da ya yi gaban manyanki da bakinsa ba tare da ya ce ke kika jawo ba, shin yana kawo na yara ba sai an bi shi ba, shin in kika ce ba yau ba yana haƙuri ko fuskar nan ta da ce take dawowa. In akwai odar kariya da kotu ta ba ki, a wurare da yawa ita daban take da ƙarar rabuwa, janye ɗaya ba ya nufin sai kin janye ɗayar, kuma kar kowa ya ce miki sharaɗin sulhu ne ki yaga takardun asibiti ko ki goge hotuna. Ki ba wani amintacce ya ajiye miki.

In kin yanke shawarar komawa, ki sa a rubuta sharuɗɗan gaban alƙali su shiga cikin takardar sulhun, da abin da zai biyo baya in ya karya.

In mun janye sannan abin ya sake lalacewa, za a karɓi sabuwar ƙara?

Za a karɓa a mafi yawan lokuta, tunda ba a yanke hukunci a kan gundarin maganar ba. Abin lura kawai shi ne yadda aka rubuta korar, a Amurka misali akwai kora mai barin ƙofa a buɗe akwai wadda take rufe ta a kan dalilan da aka kawo, don haka ka ce wa lauyanka irin ta farkon kake so, ka karanta da idonka kafin ka sa hannu. Sannan a inda ake raba aure bisa laifi, kamar cin amana, komawa zaman aure bayan ka san laifin ana iya ɗaukarsa a matsayin ka yafe, sai ya zama ba za ka sake tsayawa a kan wannan tsohon laifin kaɗai ba, sai in an sake wani sabo. Lambar kes sabuwa ce, kuɗin shigarwa sabo ne, lokacin jira ma daga farko zai soma.